Bishiyar da Ba Ta da Tsingaro

A gindin wasu tsaunuka uku akwai wani gari da ake kira Kurmin Cibiya, inda kowane ɗan gari yake da jiki biyu: ɗaya yana yawo da ƙafafunsa, ɗaya yana tsaye a kurmi. Ranar da cibiyar jariri ta faɗi, ungozoma za ta shiga kurmin da ke bayan gari ta binne ta tare da ƙwayar bishiya guda. Sai a fasa tulun da aka ɗebo ruwan wankansa na farko da shi, a kafa tsingaro ɗaya a wurin, shaidar cewa bishiyar nan tana da mai ita. Daga ranar yaro da bishiyarsa sun zama abu ɗaya. In zazzaɓi ya kama yaro ganyenta ya yi laushi, in akuya ta gwagwiyi ɓawonta yaro ya yini yana susa. In mutum ya mutu a cire tsingaronsa a kai kan kabarinsa, bishiyar kuwa ta ci gaba da tsayuwarta. A tsakiyar kurmin akwai idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse, rani da damina, shi duk gari ke sha.

Haka suke zaune har Anaruwa mai gawayi ya sauka garin. Baƙo ne, ba a binne cibiyarsa a nan ba, saboda haka ba shi da bishiya. Da mugu ne da labarin ya zo mini da sauƙi, in zage shi in huta. To ba mugu ba ne. Mutum ne mai fara'a, mai durƙusa wa tsofaffi, ba ya jin gajiyar aiki. Ya auri Delu 'yar garin, suka binne 'ya'ya uku, sannan Allah ya bar musu ta huɗu, Yalwa. Iya Tambai ungozoma ta shuka mata kanya kusa da idon ruwa, a inuwar wata tsohuwar ƙirya. Anaruwa ya kewaye kanyar da ƙaya har ninki biyu, mutane suna masa dariya yana cewa su yi ta yi.

Ciwonsa ɗaya ne, ido. Inda ɗan gari zai dubi kurmi ya ga kakanninsa, shi buhunan gawayi yake gani a tsaye. Wata rana ya je ya faɗi gaban dagaci ya ce, “Ranka ya daɗe, bishiyar da ke da tsingaro ko da farce ba zan taɓa ta ba. Amma wadda mai ita ya rasu tun kafin a haifi kakanka, ta wa ce?”

Dattawa suka dubi juna. Ba wanda ya taɓa yi musu wannan tambaya, su kuma kunyarsu ke nan a ce ba su da amsa. Suka yi shawara ta yini guda, suka fito da doka: bishiyar da ba tsingaro a gindinta ba ta da mai ita, kowa ya ga dama ya sara. Aka yi shela ranar kasuwa, har da guɗa.

Shekara biyar gatari bai huta ba. Anaruwa ya koya wa Jatau ƙanen Delu yadda ake jera gungume, a rufe da ciyawa da ƙasa, a cusa wuta ta ƙasa a bar ta tana ci a hankali. Jatau ya koya wa wasu. Manyan motoci suka yi hanya har bakin kurmi. Aka kayar da ƙirya da marke da maje da madobiya, duk na matattu, aka bar na masu rai ɗai-ɗai a fili, kowace ita kaɗai da ɗan tsingaronta. Tsohuwar ƙiryar da ke kan kanyar Yalwa ita Anaruwa ya bari ƙarshe, kuma da ya zo sara sai da ya ɗaura mata igiya ya ja ta gefe don kada ko reshe ya taɓa kanyar. Ranar ya koma gida yana yabon kansa.

A ranin da ya biyo baya idon ruwa ya koma ɗigo, sannan ya koma laka, sannan ya zama rami busasshe. Yara suka fara kwanciya, don bishiyoyinsu ne ƙanana. Yalwa tana da shekara tara. Leɓɓanta suka tsage, fatarta ta yi kaushi, ta sha ruwa kwano guda ta ɗago ta ce ƙishirwa take ji. Anaruwa ya riƙa tafiyar rabin yini zuwa wata rijiya yana ɗauko ruwa a ka yana zuba wa kanyar, ƙasa ta shanye kafin ya ajiye tulu. Ranar da yarinyar ta daina magana ya je gidan Iya Tambai ya zube a ƙofa.

“Iya, ban taɓa bishiyarta ba. Wallahi ban taɓa ta ba.”

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. “Ai shi ne haushin, ɗan nan. Ka tsare ɗaki ka rushe gida. Wa ya ce maka kanya tana tsayuwa ita kaɗai?” Ta ja shi har kurmi, ta karyo wani ɗan reshe daga kanyar mai ganye bakwai ta danƙa masa. “Shiga ramin nan ka bi ruwan inda ya tafi, ka roƙi mai shi. Duk ganyen da ya faɗi, kwanan 'yarka ne ya ragu. In na bakwai ya faɗi kada ka wahalar da kanka da dawowa.”

Delu ta biyo su a guje, ta ce, “Maigida, in ka daɗe me zan ce mata?” Ya ce, “Ki ce na tafi ɗebo ruwa.” Ya soke reshen a hularsa ya sa kai cikin ramin.

Ya yi ta rarrafe cikin duhu har gwiwoyinsa suka saɓule, sai ya faɗo wata ƙasa ta rairayi zalla, ba farko ba ƙarshe. Rana uku ce a sama, kowace tana gasa da 'yar'uwarta. Bai yi nisa ba ya hango inuwa mai faɗi a kan yashi, ya ruga, da ya isa ya ɗaga kai bai ga bishiya ba. Inuwar ce kawai, kuma yana sa ƙafa ta matsa. Ya duba ya ga garken inuwoyi, ɗaruruwa, suna yawo a kan rairayi kamar shanun da suka rasa makiyayi. Ya gane su ɗaya bayan ɗaya. Ga ta majen bakin hanya, ga ta ƙiryar da ya ja da igiya. Duk wadda ya nufa sai ta kauce masa.

Sai wani tudun yashi ya miƙe tsaye ya zama mutum, tsawonsa ya kai giginya goma, rawaninsa guguwa, idanunsa rijiyoyi biyu da suka ƙafe.

“Ya kai ɗan Adam, maraba da mai buɗe mini ƙofa.”

Anaruwa ya faɗi ya yi gaisuwa. “Ranka ya daɗe, ban san ka ba balle in buɗe maka ƙofa.”

“Ni ne Sarkin Rairayi. Shekara dubu ina tsaye a iyakata, ina da ƙadangaruna da ƙayoyina, ban nemi ƙasar kowa ba. Bishiyoyi ne shingen da ke tsakanina da ku. Kun cire shinge, iska ta tura ni, ni kuwa ba ni da ƙafar tsayawa. Yanzu ina cin gona ban ƙoshi ba, ina cin rijiya ban ƙoshi ba, kuma ba ni na so ba. Me kake nema?”

“Ruwan garinmu, ranka ya daɗe.”

“Ya wuce ta ƙarƙashina yana gudu. Ka ratsa ƙasata in za ka iya. Inuwar abin da ka bari da rai ita kaɗai za ta rufe ka.”

Anaruwa ya kama hanya. Tafin ƙafarsa ya ƙone, harshensa ya kumbura, ganye ɗaya ya bushe ya faɗi. Yana shirin kifewa sai ya ji sanyi kaɗan a tsakar kansa. Wata 'yar inuwa ce da ba ta fi faifai ba, ta wata sabara da ya taɓa ɗaga mata gatari ya ga ba za ta yi gawayin kirki ba ya ƙyale ta. Cikin shekara biyar, a bishiyoyin da ba su da tsingaro, abin da ya bari ke nan, kuma raini ne ya cece ta ba tausayi ba. Ita ta bi shi har ƙarshen rairayin. Kafin ya fita ganye na biyu ya faɗi.

Daga nan ya shiga ƙasar ciyawa, amma ciyawar ta zama toka. Irin wutar nan ce da ake cinna wa daji don a kama gafiya biyu. Toka ta kai masa idon sawu, ƙasusuwa ko'ina. A tsakiyar filin ya tarar da fada: namun daji sun yi da'ira, barewa da kura da zomo da ungulu, har gara da ƙudan zuma, kowa da tabon wuta ko na tarko. A tsakiyarsu wata giwa ce kwance, girmanta kamar tsauni, inda haurenta suke ramuka biyu ne masu zubar da ruwa.

“Ya kai mai gatari,” in ji giwar, “ni ce Uwar Dawa. Hanya ta bayana take, ba kuwa mai wucewa sai ya amsa tambaya guda. Ka dubi talakawana ka nuna mini wanda ba shi da amfani, wanda in an share shi daga duniya ba abin da zai ragu.”

Anaruwa ya ji daɗi, don shi gwanin gane abin da ba shi da mai shi ne. Ya ce, “Ranki ya daɗe, gara. Ban da cin rumbu da jinka me take yi?”

Giwar ta kaɗa kunne, gara ta ɓace. Nan take ƙasa ta ƙanƙame ta yi tauri kamar daɓe. Hadari ya taso aka zuba ruwa, ko ɗigo bai shiga ƙasa ba, ya kwashe toka da iri ya yi gaba. “Ita ke huda wa ruwa hanya,” in ji giwar. Ta sake kaɗa kunne gara ta dawo, ganye na uku ya faɗi daga hular Anaruwa.

Anaruwa ya sake duban da'irar. Ya ce, “To ungulu, mai cin mushe.”

Ungulu ta ɓace. Mushe ya cika fili yana kumbura, ƙudaje suka rufe rana, wari ya sa shi amai, ya ga barewa ta sha daga wani kududdufi ta faɗi tana shure-shure. Ganye na huɗu ya faɗi.

Anaruwa ya dafe kai ya fashe da kuka. “Ni ne, ranki ya daɗe. Ni ne marar amfani. A share ni a huta.”

Giwar ta yi wata dariya marar daɗi. “Kai ɗan Adam akwai son hanya mai sauƙi. Ka ɓata, sannan ka ce a share ka, wa zai gyara? Kurmin da ka cinye hannun mutane ne ya shuka shi, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Sake amsa.”

Ya daɗe yana kallon da'irar, har kan wata tsutsa da ke motsi cikin toka. Ya ce, “Babu, ranki ya daɗe. Ban ga ko ɗaya ba.”

“Da ka faɗi haka tun farko da ganyenka biyu suna nan. Wuce.”

Ya wuce da ganye uku. Ya ratsa wani kurmi da ruwan sama ba ya ɗaukewa a cikinsa, bishiyoyinsa sun tokare gajimare, amma rabinsa a aske yake kamar kan da wanzami ya fara ya tafi. Birai suna zaune a kan kututture suna kallonsa. Ya yi ta hawa har iska ta koma sanyi mai yanka, ya isa ƙasar da komai fari ne, ƙasa ƙanƙara, tsauni ƙanƙara. Babban tsaunin ya buɗe ido. Tsoho ne mai gemu har ƙasa, ruwa yana tsiyaya daga kowace gaɓa tasa, a kansa kuwa wani baƙin hayaƙi ya kwanta kamar bargo.

“Sannu, ranka ya daɗe,” in ji Anaruwa, haƙoransa suna haɗuwa. “Kuka kake yi?”

“Narkewa nake yi, ya kai ɗan ƙasar zafi. Ni ne ma'ajin sanyin duniya. Duk hayaƙin da kuka tayar, na injuna da na motoci da na dajin da kuke ƙonawa, sama yake taruwa ya hana zafi fita. Shaƙa ka ji.”

Anaruwa ya shaƙa. Cikin warin mai da na ƙarfe ya tsinci wani siririn ƙamshi da ya sani kamar sunansa, hayaƙin ɗanyar ƙirya a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce, “Nawa kaɗan ne a ciki.”

“Kowa ya zo nan haka yake cewa. Ka riƙe hularka, kafaɗata za ta tafi.”

Bai rufe baki ba kafaɗar ta tsage da ƙara kamar aradu, ta zube, ruwa ya kwashe Anaruwa. Ya danne hular da hannu biyu, duk da haka ya ga ganye na biyar yana juyawa a kan kumfa.

Ruwan ya jefa shi cikin teku. Ya nitse yana buɗe ido, ga mamakinsa yana numfashi. Ya wuce garuruwan da ruwa ya haɗiye, rumbuna da turame suna nan a inda aka bar su. Ya wuce kunkuru mai girman ɗaki da leda ta shaƙe masa wuya, da kifaye sun juya ciki sama. Wata tsohuwar koma da masunta suka yar ta naɗe masa ƙafa, yana fama da ita ganye na shida ya saɓule. Da ƙyar ya kuɓuta ya faɗa wata ƙofa a ƙasan tekun.

Zaure ne da ba a ganin ƙarshensa. Daga rufinsa saiwoyi ne suke saukowa, dubu bisa dubu, kowane dami yana riƙe da ruwa guda kamar igiya da guga, yana jan sa sama a hankali. Wasu damman kore shar, wasu sun ruɓe sun tsinke, ruwansu yana kwance a ƙasa. Wata mace tana yawo a tsakaninsu, gashinta rafuka, zanenta gansakuka, fuskarta ba tsohuwa ba ba yarinya ba.

“Na san ka, Anaruwa,” ta ce. “Ni ce Uwar Ruwaye. An haife ka ana ruwa, ka girma ka kore shi. Zo ka ga naku.”

Ta kai shi wani lungu. Ga ruwan Kurmin Cibiya a kwance, garai-garai, har yana ganin inuwar tulunan matan garin a cikinsa. A samansa matattun saiwoyi ne suke reto. Guda ɗaya ce mai rai, siririya kamar zare, tana miƙowa ba ta kai ba.

“Ta kanyar 'yarka ce. Saiwoyin matattunku su ne suke ɗago ruwan nan, ganyensu yana tare rana, abin da suka zubar yana riƙe damina a ƙasa. Kun ce ba su da mai su. Ku duka ne masu su.”

Ya faɗi ya kama ƙafarta. “Ranki ya daɗe, ki mayar mana. Zan shuka dubu.”

“Ka shuka. Shekara talatin kafin saiwarsu ta iso nan. Ganye nawa ya rage maka?”

Ya ciro reshen. Ganye ɗaya, shi ma gefensa ya fara ja.

“Ba ni da ikon tura ruwa sama, sai an ja shi. Ana bukatar babbar bishiya a bakin idon nan yau, ba gobe ba. Shekarunka nawa?”

“Arba'in da biyu.”

“Bishiya mai shekara arba'in da biyu za ta kai. Zan iya juya shekarunka su zama itace. Za ka ji, za ka gani, ba za ka yi magana ba, kuma ba dawowa. Sai dai ka sani, ya kai mai doka: cibiyarka ba a can take ba. Za ka tsaya ba tsingaro a gindinka.”

Anaruwa ya tuna da dokar da shi ya jawo. Ya san gatarin Jatau, shi ya wasa masa shi. Tsoro ya kama shi sosai, ba zan ɓoye muku ba, har ya ji ƙafafunsa suna neman ƙofa. Sai ya dubi ganyen ya ce, “Ko kwana uku na samu a tsaye, ta sha ruwa. Na yarda.”

Ta shafa masa ruwa a goshi. Ya buɗe ido ya gan shi a bakin busasshen idon ruwa, rana tsaka, ga kanyar Yalwa ta sunkuya. Ya tsaya a inda tsohuwar ƙirya take a da. Yatsun ƙafarsa suka tsage suka nutse cikin ƙasa, suka ratsa laka da tsakuwa da dutse, zafin abin ya fi ƙarfin ihu. Ya ɗaga hannuwa suka rarrabu, fatarsa ta yi ɓawo, bakinsa ya rufe yana tsakiyar kiran sunan 'yarsa. Can ƙasa ya ji saiwarsa ta taɓa sanyi, ya kama ya ja da duk ƙarfinsa. Kafin la'asar inuwar wata babbar madobiya ta rufe kanyar, falalen dutse ya fara gumi. Washegari da hantsi ruwa yana ɓuɓɓuga. A cikin gari Yalwa ta buɗe ido ta ce a ba ta kunu.

Gari ya ɗauka da murna, aka yi ta zuwa da tuluna, ana cewa ikon Allah. Ba wanda ya tsaya tambayar inda madobiya ta fito. Amma a rana ta uku Jatau ya zo da mutum biyu, ya zagaya ta, ya tona gindinta da ƙafa, ya tafa hannu.

“Kai jama'a! Madobiya kamar wannan, kuma ba tsingaro? Da Yaya Anaruwa yana nan da ya yi rawa.”

Ya tofa yawu a tafi ya ɗaga gatari, daidai yadda aka koya masa, ƙasa-ƙasa ta gefen da ake so ta faɗi. Sara na farko ya shiga. Jan ruwa ya tsarto ya gangara kan ɓawo, su kuwa ba su damu ba, don kowa ya san madobiya haka take zubar da ja. Sara na biyu ya shiga. Ruwan idon ya girgiza ya ja baya.

Lokacin ne Delu ta iso da tulu a ka, Yalwa tana biye da ita tana takawa a hankali, fitarta ta farko ke nan. Delu ta ɗaga kai don ta ga tsawon bishiyar, sai ta hango wani abu a maƙale a tsakanin manyan rassa biyu. Ɗan reshen kanya ne, da ganye ɗaya a jikinsa. A ƙasa da shi kuma, a jikin reshen dama, ga wani dogon tabo baƙi mai lanƙwasa, irin wanda wutar gawayi ta bar wa mijinta a dantse.

Ta sauke tulun ta ɗaga shi da hannu biyu ta maka a gindin bishiyar, ya tarwatse. Ta ɗauki tsingaro mafi girma ta kafa a ƙasa, ta tsaya tsakanin bishiyar da gatari.

“Tana da mai ita.”

Jatau ya sauke hannu. “Haba Yaya, wace haihuwa aka yi? Cibiyar wa aka binne a nan?”

“Na ce tana da mai ita. Ga tsingaro. Ko za ka taka doka ne?”

Ya dube ta, ya dubi abokansa, ya yi tsaki. Dokar da ta ba su kurmi ita ce dai ta ɗaure musu hannu, ba su kuwa fahimci komai ba bayan wannan. Ya saɓa gatari ya ce, “Ku zo mu tafi. Akwai ragowar marke a bayan tsauni, can ba mai fasa mana tulu.”

Delu ta bi su da kallo har suka sha kwana. Sannan ta durƙusa ta tattara sauran tsingaron a bakin zanenta, guda goma sha ɗaya, ba za su ishi ko gefen dajin ba, ita ma ta sani. Ta ce wa 'yarta, “Zauna nan a inuwa, kada ki tashi.” Ta bi bayansu da sauri.

Yalwa ta zauna ta jingina da madobiyar. Ta ga jan ruwan yana ta zuba daga inda aka sara, sai ta ɗebo laka daga bakin idon ta shafe wurin, ta danne da tafin hannunta kamar yadda ubanta yake mata in ta yanke. Daga bayan tsauni aka fara jin gatari, ɗaya, biyu, uku. Kowane sara Anaruwa yana jin sa a saiwarsa, yana jin ruwan yana ƙara nauyi, ya ƙara ƙanƙame shi.

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi rassan. “Inna ta ce Baba ya tafi ɗebo ruwa,” ta ce wa bishiyar. “Ga ruwan ya zo. Shi yana ina?”

Ɗan reshen kanya ya suɓuce daga sama ya faɗo a cinyarta, da ganyensa ɗaya, kore.